Ba duk ɗan gudun hijira ne ke sansani ba

In aka ce 'yan gudun hijira a Maiduguri, mutane da yawa tantuna da layin karɓar shinkafa suke hangowa, har su ɗauka gwamnati da ƙungiyoyin agaji ne ke ɗauke da kowa. Ba haka abin yake ba. Tun 2014 da Boko Haram ta kama garuruwa irin su Bama da Gwoza, akasarin waɗanda suka tsero cikin unguwanni suka shige. Wani ya raɓa a zauren ɗan'uwansa, wata da 'ya'yanta a kangon da ba a gama ginawa ba, an toshe taga da buhu. Mai masaukin kuwa, wanda shi ma da kyar yake samun na cefane, shi ke ciyar da su.

Tallafi ya fi saurin isa sansani, domin can ake rajista a ba da kati. Na cikin gari sau da yawa sunansa ba ya kan takarda, kuma wannan abin takaici ne. Daga 2021 gwamnatin Borno ta rufe sansanoninta na birnin, har da Bakassi. Waɗanda ba su iya komawa gida ba, unguwannin suka ƙara cikawa, suna fafutukar kuɗin haya da aikin ƙarfi.