Gwarzon shekara ba sai ƙungiyarsa ta ci kofi ba

Duk ƙarshen kakar Firimiyar Ingila sai ka ji ana cewa kyautar gwarzon ɗan wasa ta PFA, wato ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa ta Ingila, haƙƙin ƙungiyar da ta ɗaga kofi ce. Masu faɗa suna da hujja, domin sau da yawa hakan ke faruwa. Amma babu wannan ƙa'ida, kuma yawan maimaita ta yana damuna.

'Yan wasan ne da kansu ke kaɗa ƙuri'a, kuma ba a yarda mutum ya zaɓi ɗan ƙungiyarsu ba. Wanda ya hana su sakat a fili shi suke tunawa. A kakar 2017/18 Manchester City ta tara maki 100 ta ɗaga kofi, Liverpool ta ƙare ta huɗu, amma Mohamed Salah na Liverpool, mai ƙwallaye 32, ya doke Kevin De Bruyne na City ya karɓi kyautar.