Taller, tallest da "more better": laifin ɗalibi ne ko na yadda ake koyarwa?

Malaman Turanci, a yi mini afuwa, amma haddar good, better, best da ake sa yara suna rerawa tun firamare ita kaɗai ba ta magance matsalar. Yaro zai rera ta ba tuntuɓe, ya zo jarrabawar WAEC ko NECO ya rubuta "Musa is tall than Audu". A ganina tushen matsalar yana cikin Hausar da yaron yake tunani da ita, kuma can ya kamata darasin ya fara.

Mu a Hausa da aikatau muke kwatanta abu biyu. Musa ya fi Audu tsawo. Kalmar "tsawo" ba ta sauya ba, "fi" ce ta ɗauki nauyin duka. To sai ɗalibi ya ɗauka than ita ce "fi", ya bar siffar yadda take. Alhali a Turanci siffar ce ke sauya kama, than rakiya kawai take yi: Musa is taller than Audu. Idan malami ya rubuta jimlolin nan biyu a allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ya nuna inda "fi" ta koma, rabin aikin ya ƙare.

Sauran rabin ƙirga gaɓa ne. Siffa mai gaɓa ɗaya tana karɓar -er idan abu biyu ake kwatantawa, -est idan uku ne ko fiye: tall, taller, tallest. Mai gaɓa uku ko sama da haka sai more da most: more expensive, most expensive. Masu gaɓa biyu ne ke da rikici. Wadda ta ƙare da y takan juya y ɗin ya zama i: easy, easier, easiest. Wadda ta ƙare da -ful, -ous, -ing ko -ed sai more: more careful, more famous. Kaɗan irin su clever, simple da narrow suna karɓar kowanne. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyun, don haka more better da most easiest kuskure ne, tamkar ka ce "ya fi fin kyau".

Rubutu ma na cin maki. Idan gajeriyar siffa ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, ana ninka baƙin: big, bigger, hot, hotter, thin, thinner. Amma cheap wasula biyu gare ta, sai cheaper, p ɗaya. New kuma newer ce, ba a ninka w.

Sai waɗanda ba su bin ƙa'ida, kuma ba su da yawa: good, better, best, bad, worse, worst, little, less, least, much ko many, more, most, far, farther ko further. Nan kam hadda ta zama dole.

Tarkon da ya fi kama manya, har masu digiri, shi ne senior, junior, superior da inferior. Daga Latin suka zo da ma'anar kwatancinsu a ciki, saboda haka ba sa ɗaukar than. She is senior to me ake cewa. Haka prefer: I prefer tea to coffee. Elder ma ba ta tafiya da than. My elder brother daidai ne, amma he is older than me za ka ce.

Akwai kuma kuskuren da ba na siffa ba ne, na hankali ne. "The weather in Jos is colder than Kano" ya kwatanta yanayi da gari. Gyaran shi ne than that of Kano. Mu ma ai "yanayin Jos ya fi na Kano sanyi" muke cewa, wannan "na" ɗin ita ce that of. Haka "one of the best student": ɗaya daga cikin ɗalibai ne, jam'i, don haka students. Idan kuma mutum biyu ne kacal, the taller of the two ake rubutawa, ba tallest ba, ko da yake a hira za ka ji Turawan da kansu suna karya wannan. Mai duba takardar jarrabawa dai ba zai ɗaga maka ƙafa ba.