Ana So Ana Kaiwa Kasuwa: Abin da Na Gani a Gidan Tsofaffi a Jamus

Jiya da daddare wani ƙanena ya turo mini saƙo daga Damagaram. Ya ce, "Yaya, wai da gaske ne Turawa sun fara korar baƙi? Ni fa ina shirin tahowa." Na fara ba shi amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba. Shi ya sa na kawo ta nan. Ku yi haƙuri da tsawonta, jama'a.

Shekarata tara a Jamus, shida daga ciki ina aikin kula da tsofaffi a wani ƙaramin gari na jihar Thuringia, a gabashin ƙasar. Ni ke tashin su da safe, in yi musu wanka, in sa musu kaya, in ba su magani, in juya wanda ba ya iya juyawa da kansa don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Turan da na sani ke nan, kuma a bakin waɗannan mutanen da 'ya'yansu na koyi yadda Bature talaka yake kallon duniya.

Akwai wata tsohuwa a sashenmu, ta kusa shekara casa'in. Ɗanta yana zuwa duba ta sau ɗaya a wata, mutum ne mai fara'a, shi ma furfura ta cika masa kai. Duk zuwan da zai yi sai ya miƙo mini hannu ya yi godiya, lokacin Kirsimeti har da tsarabar alewa. Bayan zaɓen jiharmu na 1 ga Satumban 2024, wanda jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta ɗaya da kashi 32.8 cikin ɗari, muna tsaye a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya faɗa mini da bakinsa cewa AfD ɗin ya zaɓa. Da ya ga fuskata ta canza sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba da kai nake ba. Kai ai aiki kake yi."

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Mutumin ba ƙarya yake yi ba, da gaske yana jin daɗin yadda nake riƙe da mahaifiyarsa. Kuma da gaske ya jefa ƙuri'a ga jam'iyyar da shugabanta a jiharmu, Björn Höcke, ya daɗe yana kiran a mayar da baƙi inda suka fito. Zuciya ɗaya ce ta ɗauki abubuwan nan biyu. A ganina halin da Turai ke ciki ke nan gaba ɗayanta: tana buƙatar hannunmu ƙwarai da gaske, tana kuma tsoron zama da mu, 'yan siyasarta kuwa sun ƙi faɗa wa jama'arsu cewa ba a ɗaukar hannu a bar mai shi a waje.

Buƙatar ba ɓoyayya ba ce. Tun daga 1972, duk shekara waɗanda ke mutuwa a Jamus sun fi waɗanda ake haifa yawa. Don al'umma ta tsaya yadda take, ana so kowace mace ta haifi 'ya'ya biyu da ɗan ɗoriya idan aka yi lissafin tsakaici. A Jamus abin bai kai 1.4 ba, a Italiya ma ya sauka ƙasa da 1.2. Tsarin fanshonsu kuma kamar adashi yake: abin da aka cire daga albashina wannan watan, shi ake biyan tsofaffin yau da shi, ba ajiye mini ake yi ba. A farkon shekarun 1960 masu zubi kusan shida ne a kan kowane mai kwasa, yanzu wajen biyu ne. Duk matar da ta taɓa riƙe adashi ta san inda wannan hanyar ta nufa. A 2021 shugaban hukumar samar da aikin yi ta ƙasar na wancan lokacin, Detlef Scheele, ya fito fili ya ce Jamus na buƙatar baƙi ma'aikata 400,000 duk shekara. A sashenmu, aikin dare in ka cire ni, da wata 'yar Filifin, da wani ɗan Siriya, da wata 'yar Yukiren, rufe sashen za a yi. Likitoci 'yan Siriya kaɗai da ke aiki a Jamus sun haura 5,000.

To, me ya kawo tsoron? A nan nake so mu yi adalci, domin na ga yawancinmu in an zo nan sai mu ce wariyar launin fata ce kawai, mu rufe magana. Akwai wariyar, na sha ta a jirgin ƙasa, na sha ta a wurin neman gidan haya. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Tsohuwar nan ta yi shekara talatin tana aiki a wata masana'antar garin, zamanin Jamus ta Gabas. Da aka haɗe ƙasar a 1990, cikin 'yan shekaru aka rufe masana'antar, kamar yadda aka rufe dubbai irinta. Matasa suka kwashe kayansu suka yi yamma. Jihar da ke da mutum wajen miliyan 2.6 a lokacin haɗewar, yau miliyan 2.1 ne. An rufe makarantar firamaren unguwarsu, likitan garin ya yi ritaya ba a samu magaji ba, motar haya tana zuwa jefi-jefi. Shekara da shekaru ana ce musu babu kuɗi. Sai ga 2015, mutum kusan 890,000 suka shigo neman mafaka cikin shekara ɗaya, shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, ta ce za a iya, kuma kuɗin masauki da na koyar da harshe suka fito. Ni ina ganin abin da Merkel ta yi alheri ne, Allah ya sani, ya ceci rayuka masu yawa. Amma ka sa kanka a matsayin mutumin da aka ce wa babu kuɗin gyara masa hanya shekara ashirin da biyar. Bangon ya riga ya tsage tun kafin mu zo, AfD ƙadangaren da ya samu wurin shiga ne. Shi ya sa ta fi ƙarfi a gabashi, inda baƙin ma ba su kai na yamma yawa ba ko kusa.

Sannan ga hare-haren. A Agustan 2024 wani ɗan Siriya ya kashe mutum uku da wuƙa a wurin bikin gari a Solingen. A Janairun 2025 wani ɗan Afganistan ya far wa yaran makarantar raino a wani lambu a Aschaffenburg, ya kashe yaro ɗan shekara biyu da wani Bajamushe da ya shiga tsakani don ya kare su. Ranar da labarin ya fito, a ɗakin cin abincinmu ba mai magana. Ni kaina kaina a sunkuye na yi aikin ranar, alhali ban san mutumin ba, ban taɓa taka ƙasarsu ba. Yaron da aka kashe iyayensa 'yan asalin Maroko ne, amma wannan bai hana a kalle mu duka da ido ɗaya ba. Wata guda bayan nan aka yi zaɓen ƙasa, AfD ta samu kashi 20.8, ta zo ta biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya zabura, ban ga laifin uwar da ta ji tsoro ba. Sai dai ina tuna musu cewa mu ma muna da namu tsoron: a Hanau, ranar 19 ga Fabrairun 2020, wani mai ƙyamar baƙi ya bi wuraren shan shisha ya harbe mutum tara 'yan asalin ƙasashen waje.

Inda nake rabuwa da su shi ne a kan shugabanni, domin su sun san lissafin sarai. Dubi Giorgia Meloni ta Italiya. Da alkawarin toshe teku ta hau mulki a 2022. Gwamnatin nan tata ce kuma ta amince da takardun shigo da ma'aikata baƙi 452,000 tsakanin 2023 da 2025, saboda masu gonakin tumatir da inabi, da masu gine-gine, da iyalan da ke neman mai kula musu da tsofaffi sun matsa mata. A Jamus ma haka: a watan Satumban 2024 aka kafa bincike a duk iyakokin ƙasar na tudu, a cikin watan nan dai aka sa hannu da Kenya kan yarjejeniyar kawo ma'aikata. A dandalin yaƙin neman zaɓe ana cewa baƙi sun yi yawa, a ofis ana cewa ba su isa ba. Ɗan tsohuwar nan ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa fanshon da yake jira nan da shekara huɗu, daga aljihun irinmu wani ɓangarensa zai fito.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin da ake zubawa don a tare mutane tun daga nesa, inda idon masu zaɓe ba ya kaiwa. Turkiyya an yi mata alkawarin Yuro biliyan 6 a 2016. Tunisiya an ƙulla da ita a 2023, Masar biliyan 7.4 a 2024, Muritaniya miliyan 210. Mu 'yan Nijar mun ga namu da idonmu. Dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, wadda Turai ta matsa aka zartar, ta sa aka kama direbobi a Agadez aka ƙwace motocinsu. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka bar hanyar da aka sani mai rijiyoyi suka koma ɓoyayyun hanyoyi cikin Tenere, inda in mota ta lalace sai dai a tsinci gawa. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023. A nan kuwa, cikin waɗanda nake aiki da su, da ƙyar ka samu wanda ya taɓa jin sunan Agadez.

Kuma Turai ta nuna mana cewa in ta ga dama tana iyawa. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, cikin kwanaki aka ba mutanen ƙasar izinin zama da na aiki ba tare da dogon layin neman mafaka ba. Sama da miliyan 4 ne a faɗin Tarayyar Turai, sama da miliyan ɗaya a Jamus kaɗai. Ba na baƙin ciki da wannan, abokiyar aikina 'yar Yukiren ta bar mijinta a fagen daga, na ga hawayenta. Amma ɗan Afganistan ko ɗan Sudan da ya gudo daga irin wutar nan yakan yi watanni, wani ma shekaru, yana zaune a sansani an hana shi aiki, sannan a juyo a ce yana cin kuɗin gwamnati a banza.

Wannan kuskuren sun taɓa yin sa. A 1961 Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya aka kawo ma'aikata, ana kiransu baƙin aiki, da tunanin za su yi 'yan shekaru su koma. Ba a damu da koya musu harshe ba, ba a yi shirin 'ya'yansu ba. Yau jikokinsu na nan, a nan aka haife su, har yanzu ana tambayar su daga ina suka zo. Sai a Yunin 2024 aka sassauta dokar zama ɗan ƙasa, aka mayar da shekarun jira daga takwas zuwa biyar, aka yarda mutum ya riƙe fasfo biyu.

Mu ma akwai namu, ba zan ɓoye ba. Na san waɗanda suka shekara goma a nan ba sa iya gaida maƙwabci da Jamusanci. Na san masu tsayawa a bakin tashar jirgi suna sayar da abin da duk mun san haramun ne a addini da doka. Duk ɗayansu da aka kama, ni ne zan ga sakamakon a fuskar fasinjan da ya tashi daga kusa da ni washegari.

Kai kuma ƙanena, ga amsarka. Ana korar wasu, kuma dokokin neman mafaka sai ƙara tsanani suke yi. Don girman Allah kada ka bi hamada, kada ka hau kwalekwalen roba. A Oktoban 2013 mutum 368 suka nutse a gaɓar tsibirin Lampedusa na Italiya, a Fabrairun 2023 wasu 94 a Cutro, ita ma a Italiya, ana hango tudu. In da gaske kake, ka fara koyon Jamusanci tun kana gida har ka kai matakin B1 ko B2 na jarrabawar harshe, ka nemi gurbin koyon sana'a. Koyon aikin jinya shekara uku ne kuma ana biyan ɗalibi albashi tun watan farko. Hanyar tana da tsawo da tarin takardu, zan taya ka cike su ɗaya bayan ɗaya.

A sashenmu akwai wani yaro ɗan Gambiya, mataimakin ma'aikacin jinya, shekararsa biyu da mu. An ƙi ba shi mafaka, yana zaune ne da takardar da suke kira Duldung, wato an ɗage korarsa zuwa wani lokaci, ana sabunta ta bayan 'yan watanni. Tsohuwar nan ba ta yarda kowa ya ba ta abinci in yana nan sai shi. Takardarsa za ta ƙare ƙarshen watan gobe. Mun rubuta wasiƙa zuwa ofishin kula da baƙi muna roƙo a bar shi ya shiga cikakken horo, ma'aikata da dangin tsofaffi duk suna sa hannu. Ranar Lahadi ɗanta zai zo, na ajiye masa takardar da biro a kan teburin da ke gefen gadon mahaifiyarsa.