Ku je Kura ma ku ji ta bakin dattawa

Wallahi labarin nan na marinar Kofar Mata da aka ce tun 1498 take ya taba ni, amma fa ba a Kano birni kadai ake rini ba, ku je Kura ku gani. Turkudin da Buzayen Agadez ke nadawa a Kura ake rina shi, a buga shi da shuni har ya dinga kyalli. Dattawan da suka san hadin ruwan rini na ganyen baba da toka da katsi (tabon kasan ramin rini da aka kona) suna ta karewa, yaranmu kuma sun koma acaba. Don Allah matasa ku tara dattawan nan a dandali da yamma, kowa ya fadi yadda ubansa ya koya masa, ku dauka a waya, gidajen rediyo su sa.