Ga samarinmu masu shirin taka Makka zuwa Madina a ƙafa

Assalamu alaikum ƙannena. Labari ya iso ni cewa wasunku a nan Makka sun haɗa kai, sun sayi jakunkunan goyo da sababbin takalma, wai za su bi hanyar Hijira a ƙafa har Madina. Da na tambayi ɗayanku ruwa nawa zai ɗauka, sai ya ce mini, "Kawu, ai kakanninmu daga Kano suka tako." Wannan amsar ce ta hana ni barci.

Gaskiya ne, sun tako. Nawa kakan ta Maiduguri ya bi, ya ratsa Chadi, ya shiga Sudan ta Junaina, ya wuce Fashir da Ubayyid. Sai dai shekaru ya kwashe a hanya. Ya tsaya ƙwadago a gonakin audugar Jazira yana tara guzuri kafin idonsa ya ga Sawakin da bakin teku. A ayari suke tafiya, da madugu, da jakuna ɗauke da salkuna, daga rijiya sai rijiya. In aka ce ta gaba ta ƙafe, a zango za a zauna ko da wata guda ne. Kuma ku lura, waɗanda suka iso su ne suka ba da labari. Waɗanda aka binne a gefen hanya ba su bar jikoki a Makka da za su yi alfahari da su ba.

Shi kansa Manzon Allah (SAW) da ya yi Hijira a shekarar 622, Sayyidina Abubakar raƙuma biyu ya tanada, 'yarsa Nana Asma'u ta ɗaure musu guzuri, suka kuma ɗauki hayar jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ko Musulunci bai karɓa ba. To ku wa kuka fi tawakkali? Zubaida matar Halifa Haruna Rashid dukiya mai yawa ta zuba wajen gina rijiyoyi da tafkuna tsakanin Kufa da Makka, don ta san abin da ke kashe alhaji a hanya. Yawancinsu yau tarihi ne, kada wani ya sa su a lissafinsa.

Mu zo kan lissafin. Tsakanin Makka da Madina kilomita 450 ne ko kusa da haka. In kuna cin 25 a rana, kwana 18 ke nan. Lita guda ta ruwa kilo guda ce a bayanka, kuma mai tafiya da kaya cikin zafi lita shida ba ta kai shi dare cikin kwanciyar hankali. Ruwan kwana uku kaɗai ya zama kilo 18, ba a sa dabino da bargo ba. Jakar da ta fi nauyi kuwa ita ta fi sa gumi, gumin ya ƙara cin ruwan. Saboda haka sai dai a sami mota mai ajiye muku ruwa a wuraren da kuka yi alkawari, ko a fasa.

Mugun halin busasshiyar iskar nan shi ne tana shanye gumi kafin ka gan shi. Rigarka a bushe, kana ganin lafiyarka lau, alhali jiki na tsiyayewa. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya: in ya yi duhu kamar shayi, ko ka wuni ba ka yi ba, an riga an ci ka bashi. Ruwa zalla ma ba ya isa, don gishiri na fita tare da gumi, shi ya sa ƙwauri ke ɗaurewa. Ku riƙe haɗin gishiri da sukari. Abokinka kuma in ya fara magana ba kan gado, ko ya yi fushi ba dalili, ko tafiyarsa ta koma tangaɗi, kada ka tsaya musu da shi. Inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi agaji. Kun dai ga Hajjin 2024, zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. A tsakiyar jama'a fa ke nan, ga motocin asibiti ko'ina.

Ni ma na taɓa yin wautar. Mu uku ne, cikin baƙaƙen duwatsun harra na wajen Madina, kuma da sanyi ma. Mun dogara da wata rijiya da aka kwatanta mana, muka tarar da ita sai ƙasa da kashin awaki. Dutsen ya yayyanka mini takalmi, yashi ya shiga safa ya goge diddige har bororo ya fashe. Wani makiyayi ɗan Sudan ne ya ba mu ruwa a jarka, ya kalle mu, ya girgiza kai. Har yau girgiza kan nan ya fi mini bororon ciwo.

Sauran abubuwan kun san su, sakaci ne kawai. A tashi kafin asuba, da hantsi ya ɗaga a nemi inuwa, sai bayan la'asar a ci gaba. Sabon takalmi a gida ake horar da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe a kakkaɓe shi saboda kunama. Dare a hamada da sanyi yake sara, wanda ya bar bargo don rage kaya zai gane kurensa. Kada lallausan yashin cikin kwari ya ruɗe ku ku kwana a ciki. Ruwa kan sauka a dutsen da ba ku gani, ambaliya ta iso muku sararin sama tangaran. Wayar da kuke taƙama da ita kuwa, 997, lambar kiran motar asibiti, ba ta shiga inda babu sabis, zafi kuma na cinye batir.

Ban ce kada ku je ba. Ku bari sai Disamba ko Janairu, ku fara da kwana biyu kusa da titi, ku nemi ɗan ƙasa da ya san wurin, ku bar wa na gida sunan kowane zango da ranar isa. Wanda mahaifiyarsa ba ta yarda ba, ga jirgin ƙasa na Haramaini nan, cikin awa biyu da rabi yana Madina.

Ranar Juma'a bayan isha'i ku zo gida da jakunkunanku a cike, da ruwan da komai. Ina da sikeli, za mu auna, sannan kowa ya goya tasa mu zaga unguwa sau uku.