Makin da na tara shekara huɗu, ko Zariya ba zai kai ni ba

Jiya na fito daga banki wajen ƙarfe ɗaya, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon 'yan adaidaita sahu, na ma rasa inda zan nufa. Da kuɗi aka sace mini da na ce ƙaddara. Wulaƙanci aka yi mini a bainar jama'a, kuma yarinyar da ta yi shi ba ta kai sa'ar 'yata ta biyu ba.

Shekara huɗu ke nan wani saurayi cikin kwat ya zo har shagona a Kantin Kwari, ya hau kan dilar atamfa ya zauna, ya sha lemona, ya tallata mini katin bashi. Na ce masa ni da kuɗin ruwa ko hanya ba ma haɗawa. Ya ce Alhaji, in dai kana biya kafin wa'adi ko kwabo ba za a ɗora maka ba, kuma duk sayayyar da ka yi ana rubuta maka maki, in ya taru ka canza shi da tikitin jirgi. Nan ya kama ni. Hajiya ta daɗe tana zancen Umara, na ce ashe ma da kuɗin cefane zan kai tsohuwa Makka. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ranar sai na manta.

Tun daga nan komai da katin nake biya: kuɗin makarantar yara, man mota, magani, buhun shinkafa. Duk shekara su cire kuɗin riƙe kati, ban ce uffan ba. Ko sau ɗaya ban yi lattin biya ba.

To jiya na je karɓar ladana. Ƙofar nan tasu mai surutu ta koro ni sau uku saboda makullin shago. Na yi awa biyu a layi kafin na iso gaban teburin. Na yi sallama. Shiru, tana danna waya da wasu zaƙo-zaƙon farata, tana taunar cingam. Na sake sallama. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, me aka zo yi?"

Na ce, "'Yata, makin katina nake so a canza mini da tikitin Jidda, ni da mahaifiyata."

Ta ja lambar asusuna, ta danna kwamfuta, ta taɓe baki. "Rabinsa ya mutu."

"Ya mutu? Ciwo ya yi ba a sanar da ni ba?"

"Duk makin da ya shekara uku ba a taɓa shi ba ƙonewa yake. Yana cikin takardar da ka sa wa hannu."

Takardar nan mai shafi barkatai, da rubutu kamar ƙafar kiyashi, wadda mai kwat ya ce ba sai na wahalar da idona ba. Na haɗiye. Na ce to, rabin da Allah Ya yi wa tsawon rai fa? Ta ce ai makin banki daban, na kamfanin jirgi daban, sai an juya wannan zuwa wancan, kuma bara an sauya lissafin, abin da maki ɗaya yake saya a da yanzu sai biyu. Na ce a juya, ko na Hajiya kaɗai ne, goman ƙarshe na azumi take so. Sai a lokacin ta ɗago ta kalle ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo maula.

"Goman ƙarshe? Baba, kujerun maki 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, lokacin azumi ma ba a sakin su. Kuma ko an samu, maki kuɗin kujera kawai yake biya. Haraji da kuɗin filin jirgi da ƙarin kuɗin mai, kai za ka biya, da dala."

Wato in na tattara makin, sai kuma in nufi Wapa wajen 'yan canji in sayi dala domin in karɓi tikitin da aka ce kyauta ne. Na ce, "Yanzu dai me makin nawa zai iya saya mini?"

Ta juyo da fuskar kwamfutar. Katin waya. Injin markaɗe. Fulas ɗin shayi.

Na ce ina manaja. Ta ce yana taro. Na ce zan jira. Sai ta busa cingam ɗin ya fashe, ta ce da ƙarfi yadda na bayan layi ma sai da ya ji, "Baba, in babu kuɗin Umara ai ba dole ba ce. Na gaba!"

Ni za a koya wa abin da yake dole a addini? Wallahi maganarta ba ta ƙona mini rai kamar ta mutanen da ke bayana ba. Ko mutum ɗaya bai ce mata kul ba. Wani dattijo ma dafa ni ya yi, wai Alhaji yi haƙuri ka ba mu wuri. Haƙurin nan namu shi ya sa duk wanda aka ba shi kujera da fanka yake ganin kansa hakimi.

Da dare ɗan ƙanena ya zo yana nuna mini bidiyon wasu Turawan Amurka, suna kwance a kujerar manya a jirgi, wai duk da maki. Shawararsu: ka nemi kujera tun watanni kafin tafiya, ka guji lokacin cunkoso, ka kashe makin a doguwar tafiya, kada ka ɓarnatar da shi a sayen tarkace. Shawara ce mai kyau, ga mutumin da kuɗinsa ke kwana ya tashi yadda ya bar shi. Mu nan da naira muke tara makin, tikiti kuwa da dala ake masa farashi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A 2022 bankuna suka takaita amfani da katin naira a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Kuɗin kamfanonin jiragen waje sama da dala miliyan 800 ya maƙale a ƙasar nan, suka janye tikiti masu rahusa, Emirates ma ta daina zuwa a ƙarshen 2022, sai Oktoban 2024 ta dawo. A wannan kasuwar aka ce in zauna ina tara maki kamar mai adashe.

Kuma ku lura, abin da suke cira a wajenmu ba ya mutuwa. Naira 50 in an tura dubu goma, kuɗin alat, kuɗin kula da kati, harajin kashi 7.5 a kan kuɗin aikin da ba a yi maka ba. Waɗannan ko netwok ya ɗauke suna gane hanyar asusunka. Namu ne kawai yake da wa'adi. Ina masu sa ido a kan bankuna? Ina wakilan da muka zaɓa? Su ba su san maki ba, da kuɗinmu ake yankar musu tikiti, su da iyalansu da masu riƙe musu jaka.

Jirgin ƙasarmu na kanmu ma ina yake? Nigeria Airways ta rushe tun 2003. A 2018 aka je har Ingila aka nuna mana tambarin sabon kamfani. A Mayun 2023, ana saura kwanaki a miƙa mulki, aka sauko da jirgi ɗaya a Abuja da fentinmu a jikinsa, aka yi hotuna, ashe na Habasha ne, ya koma gidansu.

Da asuba na shiga gaida Hajiya, tana kan sallaya ta ce, "Yaya maganar tafiyar?" Na ce ana kai, Hajiya. Ina fitowa waya ta yi ƙara. Banki ne. Sun cire kuɗin alat na wata, a ƙasa kuma suna taya ni murna, wai na samu ƙarin maki goma sha biyu.