Jirgin Bazazzagi Ba Ya Ɗaukar Lodi

Bakano ya je Ingila saro kaya, ya sauka gidan Bazazzagi a Doncaster. Da safe ya tarar da shi durƙushe a lambu.

BAKANO: Bawana, shayi kake dafawa a ƙasa? Na ga tururi.

BAZAZZAGI: Ubangidanka dai. Jirgin ƙasa ne. Matsa, kar ka taka min dogo.

BAKANO: Wannan ɗan mitsitsin? Ina batirinsa?

BAZAZZAGI: Ba shi da batir, tukunya gare shi ta gaske. Ka zuba ruwa, ka ɗura gas irin na laita, ka ɗiga mai, ka kunna wuta. Ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistin, sai tafiya. Da tururin nan jirgi ya fara shiga Kanonku a 1911.

BAKANO: To bari in ɗebo masa a famfo.

BAZAZZAGI: Kul! Ruwan famfo farin datti yake bar masa, ya daskare a tukunya. Sai ruwan sama, shi ma a tace.

BAKANO: Ikon Allah, tsirfa sai ka ce amarya. In ya sha, ina yake zuwa?

BAZAZZAGI: Ya yi ta zagaya lambu minti 20 zuwa 30, gas ya ƙare.

BAKANO: Ya tsaya a ina?

BAZAZZAGI: Inda ya taso.

BAKANO: Lodin me ya ɗauko?

BAZAZZAGI: Ba ya lodi.

BAKANO: To nawa ka saye shi?

BAZAZZAGI: Ƙirar kamfanin Roundhouse ce, a garin nan ake yin su. Ya haura fam 1,000.

BAKANO: Innalillahi! Har da taragon?

BAZAZZAGI: Kan kawai. Tarago daban, dogo daban.

BAKANO: Ba ni kujera, jiri nake ji. Babu na talaka?

BAZAZZAGI: A da akwai na kamfanin Mamod, ya fi araha nesa, sai dai in ya tashi gudu ba ya jin magana. Akwai na hannu. Akwai wanda za a ba ka gunduwa-gunduwa ka haɗa da kanka. In kuwa kuɗin ne ke maka ƙaiƙayi, ga ƙirar kamfanin Aster na Japan.

BAKANO: Ba sa min. A ba ni mafi ƙanƙanta, ai shi ne mai sauƙi.

BAZAZZAGI: Nan ka faɗi, ɗan Kwari. Kafin kuɗi sai ka zaɓi awo. Awona milimita 16 ne a madadin kowace ƙafa, wato jirgin gaske an rage shi sau 19. Faɗin dogon milimita 32, yana kwaikwayon siririn dogo mai ƙafa 2 irin na duwatsun Wales. Siririn dogo na jure kwana mai tsanani, shi ya sa ya shige ɗan lambun nan. In babban jirgi kake so, an rage shi sau 32 a kan dogo mai milimita 45. Shi wannan sai kwana mai faɗi, sai fili, kuma kayan jikinsa sun fi ƙanƙanta, kuɗinsa ya fi yawa.

BAKANO: A rage abu sau 32 ya fi wanda aka rage sau 19 tsada? A Kantin Kwari in yadi ya ragu kuɗi raguwa yake.

BAZAZZAGI: Jamusawa kuma, masu kamfanin LGB, a kan 45 ɗin nan suka rage nasu sau 22 da rabi.

BAKANO: Har da rabi! To naku na Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, wanne zai hau?

BAZAZZAGI: Shi ƙafa 2 da rabi ne. A awona yana son milimita 40.

BAKANO: Akwai dogon 40?

BAZAZZAGI: Sai dai a lallaɓa shi a 32 ko 45.

BAKANO: Na sani! Abin Zariya ko a Turai sai an lallaɓa. Yanzu duk cikinsu ba mai ɗaukar ko buhu ɗaya?

BAZAZZAGI: Akwai manya, masu dogon inci 5 ko inci 7 da kwata. Kwal suke ci, mutane na hawa.

BAKANO: Mutane? Tun ɗazu ka tsaya kana min lissafin boko! Yara goma, naira 500 kowane zagaye, ranar Sallah. Kai ne direba, dama ba a biyan bawa.

BAZAZZAGI: Da rani ina za ka samo masa ruwan sama?

BAKANO: Kano zai je fa. In bai sha na ɗan garuwa ba ya kwana da ƙishi.